Layin Da Ba Ya Komai

A ofis Tsintsiya suke ce masa, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba. Mutum ne siriri mai furfura a gefen kunnuwa, wanda in ya tsaya a teburinka yana magana, kafin ya tafi za ka tarar ya jera maka biro da fensir da rula daga dogo zuwa gajere, shi kansa bai san ya yi ba. Sana'arsa rubuta kod, wato jerin umarnin da ake zuba wa inji a ƙwaƙwalwa don ya san lokacin tashi da lokacin tsayawa. Amma ba rubutun ne ya fi yi masa daɗi ba, gogewa ce abincin ransa. Ranar da ya samu layi goma na wani ya mayar da su uku, har masu gyaran taya da ke ƙasan benen ofis sai sun ga haƙoransa.

Aƙidarsa guda ce, kuma duk wanda ya yi aiki da shi ya haddace ta ko yana so ko ba ya so: kowane layi ya yi abu ɗaya, kuma abin da ya ce yana yi ya zama shi yake yi. Babu abin da ya tsana kamar layin da za a aika ya kawo amsa, sai a hanya ya taɓa wani abu a fakaice, ya kunna wannan, ya sauya wancan, ya dawo da amsarsa kamar ba shi ba. Aikin bayan fage yake kiran irin wannan, yana yatsine fuska kamar ya taka kashin kaza. Matarsa ta gaji da jin wa'azin. In ta aike shi kanti ya dawo kafin ta juya, sai ta ce, "Baban yara, in ka tsaya ka gaida mai kantin ma aikin bayan fage ne?" Shi kuwa da gaskiyarsa yake amsa mata, wai sabulu aka aike shi saye.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta san wani Tsintsiya ba, ita ce yayarsa. A bakinta Auta ne, ko da furfura ta gama cinye masa kai. Mahaifiyarsu ta rasu yana ƙarami, Yaya ta tafi da shi gidan mijinta a gangare, unguwar da ke can ƙasan gari inda duk kwatocin birni suke zuwa su haɗu. Mijin nata tela ne, shagonsa a ɗakin gaba. A nan Auta ya fara halinsa, yana zama a ƙarƙashin teburin yanka yana ware maɓallai, masu huda biyu nan, masu huda huɗu can. Tela yakan leƙo ya girgiza kai ya ce wa matarsa, "Wannan ƙanen naki ko dai ya zama babban mutum ko ya zama fitina." Yanzu Tela yana kwance a wannan ɗakin, ɓarin jikinsa ya shanye, magana sai da ƙyar. Yaya ke juya shi, ita ke yi masa aski, ita ke fassara wa baƙi abin da yake nufi, wani lokaci har da abin da bai ce ba.

A da, kowace damina ruwa ke cin gangare. Da an ga hadari ya haɗu sai a fara ɗaure katifu ana hawa da su makarantar da ke kan tudu. Daga baya hukuma ta haƙa rami a ƙarshen layin su Yaya, ta gina ɗaki a kansa, ta sa manyan injina masu zuƙe ruwa su watsa shi bayan ganuwar kogi. Akwai irinsu a wasu unguwanni, amma na gangare ne ya fi kowanne zama a ƙasa. Tun daga lokacin mutanen unguwar suka daina kallon sama, kunne suke kasawa. In ruwa ya sauko suka ji injin ya yi gurnani, har gilashin taga yana rawa, sai kowa ya koma sha'aninsa. In kuwa shiru, to a kwashi yara. Shekara da shekaru ba a ji shirun ba.

Ƙaramin kamfanin da Tsintsiya yake yi wa aiki shi ke kula da ƙwaƙwalwar injinan nan, wani ɗan koren allo a cikin akwatin ƙarfe. Yaya ba ta san allo ba, ba ta san kod ba, amma ta san abu ɗaya, kuma babu wanda bai ji shi daga bakinta ba, daga mai kayan miya har likitan mijinta. "Autana ne ke gaya wa injin nan abin da zai yi." Da haka ta zama kamar ofishin tambaya. Ko ƙara injin ya sauya, ƙofarta ake zuwa. Sau da yawa ya roƙe ta su dawo tudu kusa da shi, ga ɗaki a gidansa babu kowa. Sai ta ce, "In gudu daga aikin hannunka? Me mutane za su ce?" Yana jin daɗin maganar, ba zai yi ƙarya ba. Yana kuma jin nauyinta a ƙirji duk lokacin da aka yi tsawa.

Ba shi ya fara rubuta kod ɗin ba. Wani tsohon injiniya ne, mai yawan taba da ƙarancin bayani, wanda ya rasu ya bar masa gado a hargitse. Tsintsiya ya shafe shekaru yana shara. Ya goge, ya gyara, ya sauya sunaye, har abin ya zama ana karantawa kamar wasiƙa. Ya kuma sa aka cire mariƙin da ake tada injin da hannu, domin masu gadi sukan tada shi rami a bushe su ƙona shi. Ya kafa doka a cikin kod: inji ba ya aiki sai yana samun sabon labari daga ma'aunin da ke cikin rami, da labari ya yanke, ya tsaya. Hanya biyu ta tada abu ɗaya, in ji shi, ɗaya ta yi yawa. Kowa ya yaba, injina suka daina ƙonewa.

Layi ɗaya ne kawai ya tsira daga tsintsiyarsa. Yana can tsakiyar zagayen da ƙwaƙwalwa ke yi ba dare ba rana. Layin yakan leƙa wani ɗan gurbi a jikin ma'auni, ya karanto lambar da ke ciki, sannan ya yar da ita. Ba a ajiye ta, ba a lissafi da ita, ba a nuna wa kowa. Marigayin bai rubuta ko kalma ɗaya a gefensa ba. Sau nawa Tsintsiya ya ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa, sai ya fasa. Ba don ya ga amfanin layin ba. Kunyar mamaci ce kawai, irin wadda ke sa a bar hular mutum a rataye a ƙusa bayan an kai shi.

Tsakanin abin da mutum ya rubuta da abin da inji yake ji akwai wata manhaja, kwamfaila, wadda su a ofis suke kira tafinta. Tsohon tafintan da suka gada daƙiƙi ne mai biyayya. Ka ce masa ya ɗebo ruwa ya zubar, zai ɗebo ya zubar, ba zai tambaye ka dalili ba. Sabon da ya fito kuwa mai wayo ne. Yakan duba umarninka, ya ga wanda a ganinsa ba ya haifar da komai, ya jefar, ya miƙa wa inji sauran, bai ce maka uffan ba. Tsintsiya ya gan shi ya ji kamar ya haɗu da ɗan'uwa. Shi ya matsa wa Manaja lamba har aka sauya. Abokiyar aikinsa, wadda suke kira Mai Gwaji domin ita ke gwada duk abin da ya rubuta, ta haɗa allo da ɗan ƙaramin inji da bokiti a kan teburin gwaji, ta jona laftof tana kallon lambobi, ta zuba ruwa, ta kwashe, ta sake zubawa. Ko sau ɗaya abin bai saɓa ba. Cikin rani aka bi gidajen inji ɗaya bayan ɗaya aka zuba musu sabon aiki.

Wata rana yana cin abincin rana a teburinsa, yana karanta abin da tafinta ya fitar, domin shi wannan ne hutunsa, sai ya lura layin marigayin babu shi. A rubutunsu yana nan, amma a abin da ya isa ga inji ko alamarsa babu. Ya ajiye cokali ya yi murmushi. Abin da ya kasa yi saboda kunya, tafinta ya yi masa, kuma hannunsa bai taɓa ba. Ya tashi ya wanke kwanonsa yana 'yar waƙa. Injinan kuwa suna can shiru, amma wa zai damu da shirun inji a cikin rani?

Ranar da abin ya bayyana, tun safe ake wani irin zafi mai danƙo, iska ta tsaya cak. Masu gyaran taya sun daina buga ƙarfe suna fifita da kwali. Mai Gwaji ta zare kebul ɗin da ke haɗa laftof da allon gwaji ta tafi da shi ɗaya ɗakin, tana son duba wani abu. Tsintsiya ya zo wucewa ya ga ruwan bokiti bai kai zanen da aka yi masa ba, abin ya tsaya masa a rai kamar kullum. Ya ɗauko buta ya ƙara. Ruwa ya kai zane, ya wuce. Ɗan injin bai motsa ba. Ya ci gaba da zubawa yana jiran ƙarar da ya saba ji, har ruwan ya tumbatsa ya zubo masa a takalmi.

"Malama, zo da kebul ɗin nan," in ji shi.

Ta kawo, ya jona. Nan take ɗan injin ya ɗauka, ruwa ya fara ja baya. Ya zare. Injin ya yi ɗan tari ya tsaya. Ya jona, ya tashi. Ya zare, ya mutu. Mai Gwaji ta ja kujera ta zauna ba tare da ta duba inda kujerar take ba.

"Injiniya, ai kullum a jone nake gwadawa," ta ce a hankali. "In ba a jone ba, da me zan ga lambobin?"

Shi kuwa ya riga ya gane. Ma'aunin nan barci yake yi bayan kowane awo. Leƙa wancan gurbin shi ne ke tashinsa, kamar yadda za ka tambayi mai gadi ƙarfe nawa, ba don kana son sanin lokaci ba, sai don ya farka. Lambar ba ta da amfani, tambayar ce aikin. Tafinta ya duba ya ga amsar da ba a komai da ita, ya jefar da tambayar. Laftof kuwa, don ya nuna wa mai kallo komai, yakan leƙa kowane gurbi, har da wancan. Ke nan muddin ana kallo abin lafiya lau yake. Da an juya baya, ma'auni ya yi barci, labari ya yanke, inji ya bi dokar da Tsintsiya ya kafa masa da hannunsa. Layin da ya raina tsawon shekaru, aikin bayan fage ne tsantsa, kuma a kansa unguwar yayarsa take kwana.

Gyaran bai fi kalma ɗaya ba. Akwai kalmar da ake rubutawa a gaban irin wannan gurbi, mai gaya wa tafinta cewa taɓa nan kansa aiki ne, kada ka yi mini wayo. Marigayin bai sa ta ba don daƙiƙin tafintansa bai buƙace ta ba. Tsintsiya ya rubuta ta, suka gwada a bokiti babu kebul, ɗan injin ya tashi. Amma gyara a ofis daban, gyara a gidan inji daban. Sai an je da ƙafa, an buɗe akwati, an tsayar da komai, an zauna an jira sabon aikin ya gama shiga. In kuwa abin ya katse a tsakiya, allon ya zama gawa.

Manaja ya saurare su yana tsaye a bakin taga, bai juyo ba. Da suka gama sai ya nuna musu gabas da haɓa. Sama ta yi baƙi ƙirin daga ƙasa, kamar gindin tukunya, ga wata iska mai sanyi ta fara kaɗa ledoji a titi.

"Laftof nawa muke da su masu wannan manhajar?" ya tambaya.

"Biyu, Yallaɓai."

"Malama, ki tafi na bayan kasuwa. Ni zan kira hukuma, in sun ɗauka." Ya dubi Tsintsiya. "Kai ba sai na gaya maka ba."

Ba sai an gaya masa ba. Na gangare ne zai fara cika, wannan hujja ce mai kyau, kuma ko da ba shi ne ba can zai nufa. Ya cusa laftof da caja da kebul a jaka ya nannaɗe da leda ya hau babur ɗinsa. Ruwan ya same shi a hanya, ba da yayyafi ya fara ba, gaba ɗaya ya sauko. Kafin ya kai kan gangaren, kwatoci sun cika sun fara amai a titi, ledoji da robobi da wani takalmin yaro guda suna tsere zuwa ƙasa, duk hanyarsu ɗaya da tasa. A ƙarƙashin gadar jirgi babur ya sha ruwa ya mutu. Ya jingine shi da bango ya ƙarasa da ƙafa, jaka a ka.

Da ya shigo layin sai ya ga abin da ya manta kamanninsa. Ƙofofi a buɗe, mutane a tsaitsaye a bakinsu sun karkata kai suna sauraro. Wata mata ta riga ta fito da katifa a naɗe. Babu mai magana, sai ƙarar ruwa a kan kwano. Bai tsaya gidan Yaya ba, ya sunkuyar da kai ya wuce.

Mai gadin gidan inji, wani dattijo mai rigar leda, yana tsaye a ƙofa da makulli a hannu. "Injiniya, gara da ka zo. Rami ya cika tun ɗazu, shi kuma ko tari. Na nemi mariƙin nan na da, sai na tuna kun cire."

Ruwa ya riga ya shiga ɗakin, ya rufe idon sawu. Tsintsiya ya hau kan wani benci na ƙarfe, ya buɗe laftof a cinya, ya jona kebul a jikin akwati. Lambobi suka bayyana. Wani abu ya yi ƙas a cikin akwatin, sannan manyan injinan suka ɗauka da gurnanin da ya ji har cikin haƙoransa. Mai gadi ya yi hamdala. Daga waje aka ji wani ya yi tafi.

Sai ya lalubo cajar, ya nemi soket ɗin wuta. Guda ɗaya ne a ɗakin, can ƙasan bango, kuma ruwa ya shanye shi. Ya dubi kusurwar allon laftof. Batirin da suka yini suna gwaji da shi ya sauka ƙasa da rabi tun a ofis, yanzu ɗan abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ba zai isa a zuba gyaran ba, zai mutu a tsakiya ya tafi da allon. Abin da zai iya kawai shi ne ya zauna yana kallo, injin yana aiki saboda ana kallonsa, har batirin ya ƙare. Ya kira Manaja. Manaja ya ce ƙarƙashin gada ya zama kogi, mota ba ta wucewa, Mai Gwaji ma tana can zaune a kan nata akwatin ba ta isa ta motsa ba. Ruwan sama kuwa ko alamar sassautawa babu. Injinan suna ja da iya ƙarfinsu, amma abin da suke yi bai wuce hana ruwan ƙaruwa ba.

Ya kira Yaya. Ta ɗauka da muryarta mai cika ɗaki.

"Auta, kai ne a gidan injin? Ai na gaya musu. Na ce ku kwantar da hankalinku, yaron nan ba zai bar mu ba."

"Yaya, ki saurare ni da kyau. Ku fita yanzu. Ki samu maza su ɗauki Yaya Tela, ku hau makaranta."

"Mu fita ina? Ga shi muna jin sa, har kofin da ke kan taga rawa yake."

"Ba zai daɗe ba. Zai tsaya."

Ta yi dariya. "Kai dai da tsoro tun kana ƙarami. Matar mai gyaran rediyo har ta ɗaure kaya, na ce ta kwance. Masu jariri na can gefe ma sun kama hanya, na aika aka dawo da su, wa zai fita da ɗanyen goyo cikin wannan ruwa? Duk na mayar da su. In ka gama ka biyo, na ɗora maka ruwan zafi."

Ya yi ta magana, ya yi bayanin batir, ya yi rantsuwa, abin da ba halinsa ba. Ta ce to, to, irin to ɗin da take yi wa mijinta in ya ƙi shan magani. Ya roƙi mai gadi ya bi gida-gida ya faɗa musu. Dattijon ya tafi, ya daɗe, ya dawo yana ɗigar ruwa.

"Na faɗa musu, Injiniya. Sun ce a gaishe ka, Allah ya yi albarka. Wani ma cewa ya yi in ba ni da aikin yi in zo in taya shi tare yoyo." Ya share fuska. "Ba za su ji ni ba alhali suna jin wannan."

Ta ɗan tagar da ke saman akwatin Tsintsiya yana hango layin gaba ɗaya. Ƙofofin da ya tarar a buɗe duk an rufe su. Hayaƙi ya fara fita daga wani madafi. Ya zo ne ya tada inji, ya kuma tada shi, amma gurnanin ya yi wani aikin da bai aike shi ba, ya mayar da mutane cikin ɗakunansu ya ja musu ƙofa. A yanzu ruwan titi bai wuce ƙwauri ba, da sauran hasken rana, tsoho da mai goyo za su iya takawa zuwa tudu. In ya zauna har batirin ya mutu da kansa, shirun zai zo ne bayan duhu ya fara, mutane sun saki jiki, yara sun yi barci, ruwan da ke gangarowa daga birni ya ƙaru. Kuma ɗaukar mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye ba aikin gaggawa ba ne.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya san abin da zai shiga ɗakunan nan in injin ya tsaya. Ya san gadaje da buhunan abinci da takardun makarantar yara. Alamar batir ta koma ja. Ya daɗe yana kallon ta, yatsunsa biyu a kan kebul.

"Baba, ka fita ka tsaya a tsakiyar layi," ya ce wa mai gadi. "Duk wanda ya fito ka nuna masa tudu."

Ya zare.

Injinan suka yi ta sassautowa kamar mai jan numfashin ƙarshe, sannan suka yi tsit. Ƙarar ruwa a kan kwano ta dawo, ta cika ko'ina. Na ɗan lokaci babu abin da ya motsa a layin. Sai ƙofa ɗaya ta buɗe, sai ta kusa da ita. Wata mata ta ƙwala wa 'ya'yanta kira da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya sauko daga benci ruwan ɗakin ya haura inda ya same shi.

Ya fito yana kutsawa cikin masu fita, katifu a ka, yara a kafaɗa, wani yana jan akuya tana tirjewa. Babu wanda ya kula shi. Yaya tana tsaye a ƙofarta, zani a ɗage, ruwa yana wuce ƙafafunta yana shiga ɗakin gaba. A bayanta Tela yana kwance ya ƙura wa silin ido, hannunsa mai lafiya ya damƙe ƙarfen gado. Ta dubi fuskar ƙanenta, ta dubi kebul ɗin da har yanzu yake naɗe a hannunsa.

"Lalacewa ya yi?" ta tambaya.

Da ya ce e, da ta yarda, har abada kuwa.

"A'a, Yaya. Ni na cire."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

Matar mai gyaran rediyo ta wuce da ƙullin kaya a ka, ta watso wa Yaya wata harara ta tofar da yawu a ruwa. Yaya ta bi ta da ido har ta yi nisa, sannan ta matso kusa da shi ta rage murya, abin da bai taɓa jin ta yi ba.

"Sa wannan abin a aljihu. Kada ka buɗe baki a hanya, ko an tambaye ka. Ni na mayar da su gida, bari su zage ni ni kaɗai."

Ta juya ta shiga ɗaki. Ta kama ƙafafun mijinta, shi ya kama kafaɗu, suka fito da shi cikin ruwan da ya kai gwiwa.